Ƙugun Jirgin da Na Hana a Miƙe

Sana'ata tsofaffin ƙarafa ce. Da baro na fara, ina bin lungunan unguwar Gangare a nan Jos ina sayen fasassun tukwane da matattun batura, har Allah ya ba ni fili nawa na kaina a bakin hanyar da ta nufi Naraguta. Ban yi boko mai nisa ba, amma ƙarfe na san shi. In ka ajiye mini shasin mota a gabana, zan gaya maka ko a haka aka ƙera shi ko wahala ce ta lanƙwasa shi. Shi ya sa a ƙungiyarmu ta 'yan gwangwan, duk sanda gardama ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa kan ko kaya lafiyayye ne ko ya taɓa buguwa, ni ake kira. Babu albashi a ciki, babu muƙami a takarda. Abin da na faɗa, a kansa ake tsayawa. Wannan kiran ya fi mini filin nan daraja, kuma shi na kusa rasawa a kan wani jirgi da ba zai ƙara tashi ba har abada.

A wani gwanjo na tsofaffin kaya da aka yi a wani gari nesa da Jos na samo shi. Tarin ƙarafa ne na saya gaba ɗaya, a cikinsu akwai gangar jikin wani tsohon jirgin yaƙi, ƙarami, ba inji, ba kujera, ba ko waya ɗaya a ciki. An kwance fukafukansa biyu an ɗaure su daban. Da tirela ta iso, rabin unguwa ya fito kallo. Kiren, injin ɗaga kaya, ya sauke shi a kan tsofaffin tayoyi, hancinsa mai tsini yana kallon titi. A ranar ban yi wani dogon tunani ba. Fukafukan na ga sun tare mini hanyar shiga da mota, sai na aika wa masu zuba tukwanen alminiyam, suka zo suka kwashe su kafin la'asar. Wannan kuskurena ne, kuma ba wanda ya sa ni.

Kwana uku bayan haka shugaban ƙungiyarmu ya zo mini da baƙo. Shugaban dattijo ne, ya riga ni shiga sana'a da shekaru masu yawa, kuma ina girmama shi har yau. Baƙon kuwa mai wurin shaƙatawa ne a bakin wani tafki da haƙar kuza ta bari, yana son ya ɗora jirgin a kan ginshiƙi a ƙofar wurinsa don yara su riƙa ɗaukar hoto. Ya zagaya shi sau biyu, ya tsaya a tsakiya, ya nuna da makullin motarsa. A daidai nan gangar jikin ta tsuke. Daga hanci ta yi ta kauri a hankali, sai ta zo tsakiya ta shige ciki ta dama da hagu kamar kwalbar lemo, sannan ta sake buɗewa kafin wutsiya. Ya ce yana so, amma sai an fitar da wannan lotsawar, shi ba zai kafe bugaggen kaya a ƙofarsa ba. Shugaba ya ce ai abu ne mai sauƙi, sarƙar kiren ce ta matse shi wajen lodi, za a kira fanalbita, mai miƙe jikin mota, ya shiga da jak da guduma, kwana biyu ya gama.

Na ce masu jirgin nan bai lotsa ba.

Shugaba ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Na sake faɗa. Na nuna masu layin ƙusoshin da aka ɗinke fatar jirgin da su: tazararsu ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wadda ta zame, babu wadda ta ɗaga kai. Fenti ya koɗe amma bai tsage ba. Ƙarfen da aka matse yana yin tamoji, wannan kuwa sumul yake. Baƙon ya tambaye ni, to in ba lotsawa ba ce, don me mai hankali zai ƙera jirgi da ramammen ciki? Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, kuma ita ta ja mini dariya.

Kafin sati ya zagayo an raɗa mini suna a kasuwa. In na shigo sai ka ji ana cewa ga mai jirgi mai ƙugu. Wani ya ce in kai shi wajen tela a ɗinka masa zani. Wani ya ce yunwa ce ta kama jirgin, a ba shi gwate ya murmure. Dariyar ba ta dame ni ba, ni ma ina yi wa wasu. Abin da ya tsaya mini shi ne saƙon da shugaba ya aiko: baƙon ta hannunsa ya zo, ya riga ya ba shi baki cewa za a gyara, kuma mutumin da ba ya iya gane lotsawa mai girman ƙofar ɗaki bai kamata a riƙa kiransa raba gardama ba. Ya ba ni zuwa ranar Asabar. Ko in bar fanalbita ya yi aikinsa, ko a nemi wani mai duba kaya.

Da na ce to, da komai ya wuce. Jirgin nawa ne, ciniki mai kyau ne, kuma ba ran kowa a ciki. Amma in na bari aka sa guduma a wurin da na rantse lafiya yake, to na yarda idona ƙarya yake yi, kuma duk hukuncin da na taɓa yankewa a kasuwar nan ya zama abin shakka. In kuma na ƙi ba tare da dalili ba, taurin kai ne kawai. Dalilin nake bukata.

Sai na tuna da wani dattijo da yake zuwa sayen tsofaffin bututu a wurina don ban ruwa. Ɗan asalin tsaunukan nan ne, Kirista, yana noman rani a bakin wani kududdufin kuza bayan Naraguta. Ya taɓa gaya mini cewa kafin ya yi ritaya, aikin gyaran jiragen sama ya yi. Ranar Laraba da safe na ɗauki hoton jirgin a waya na tafi gonarsa. Na same shi cikin kabeji da takalmin roba, yana jan tiyo. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara tambayata shi ne ina fukafukan. Na ce na sayar wa masu tukwane. Ya sauke wayar ya dube ni.

"Alhaji, kai ne mai laifi. Ka cire wa mutum hannuwa, kana tambaya me ya sa rigarsa take da rami."

Ya kashe injin ruwa, muka zauna a kan dutse. Ya tambaye ni ko na taɓa tura baro a kasuwar Terminus ranar cunkoso. Na ce Baba, a kan baro na girma. Ya ce to me nake yi in ina son wucewa? Na ce ina ihu a ba da hanya. Ya ce mutane kuma suna darewa tun kafin in iso, saboda muryata ta riga ni zuwa. Haka jirgi yake da iska. In yana tafiya da gudu na yau da kullum, motsinsa yana aika sanarwa gaba, iskar ta ji, ta buɗe masa, ta zagaye shi ta koma. Sanarwar nan kuwa da gudun sauti take tafiya, ba ta wuce haka. To, ya ce, in ɗauka ina gudu da baro har na kamo muryata, ni da ihun muna isa tare. Wa zai kauce? Babu. Mutane za su taru a gaban baron, su danne juna, su zama bango. Jirgin da ya kusa gudun sauti haka iska take yi masa: ba ta samun labari, sai ta cure a jikinsa, turjiyarta ta ninka, inji yana ihu jirgi ba ya ƙara gaba.

Na ce na gane wannan, shi ya sa aka yi masa hanci kamar allura. Ya ce hanci da sauƙi, kowa ya san tsini yana huda. Wahalar tana tsakiya. Ya miƙa hannu ya tuge karas ɗaya daga kunya, ya wanke a ruwan tiyo, ya fito da wuƙa. Ya yanka shi ƙwaya-ƙwaya daga tsini zuwa gindi, ya jera a kan dutsen. Kowace ƙwaya ta ɗara ta gabanta kaɗan. Ya ce a irin wannan gudun, iska ba ruwanta da wane ne fiffike wane ne ciki. Abin da take ji shi ne faɗin kowace ƙwaya in an yanka jirgin haka, da duk abin da yake manne a wurin. In faɗin yana ƙaruwa sannu a hankali, yana raguwa sannu a hankali, tana haƙuri. In ya yi tsalle farat ɗaya, nan take tsayawa ta yi faɗa.

Ya ɗauko wani karas, ya tsaga gefensa biyu, ya soka ƙashin ganyen kabeji a kowane gefe. Ya ce ga fukafukai. Ya yanka ƙwaya a daidai wurin, ya ɗora ta kusa da ta gabanta. Ga karas, ga ganye dama, ga ganye hagu, ta fi 'yar'uwarta nesa ba kusa ba. Ya ce ka ga tsallen? Sannan ya sa wuƙa ya fere cikin karas ɗin a daidai inda ganyen ya shiga, har ya yi ƙugu. Abin da fiffike ya ƙara, sai a rage shi a jiki, in an haɗa lissafin ƙwayar ya dawo daidai da na maƙwabtanta. Iska ta wuce ba ta san an yi mata wayo ba.

Na daɗe ina juya karas ɗin a hannuna. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na san wannan tun da daɗewa, a wani wuri daban. In kana lodin tirela za ka bi ta ƙofa mai ƙunci, ba ka tambayar wane kaya ne ya fito gefe, faɗin gaba ɗaya kake aunawa. In ka ƙara a nan, dole ka rage a can.

Ya ƙara mini da cewa in jirgin ya wuce gudun sautin gaba ɗaya, yankan da ake lissafi da shi ba a miƙe yake ba, a karkace ne kamar yankan rake, amma maganar ɗaya ce. Shi ya sa ma ake karkata fukafukan zuwa baya, a yi su sirara, don kada su shigo wa iska gaba ɗaya a lokaci guda. Na roƙe shi ya zo ranar Asabar ya faɗa da bakinsa. Ya ƙi. Ya ce kabejinsa ba ya sanin Asabar, kuma rigimar 'yan kasuwa ba tasa ba ce. Ya cusa mini karas guda biyar a aljihun babbar riga, ya ce in je in nemo fukafukaina in ban makara ba.

Daga gonar kai tsaye na wuce wurin masu tukwane. Na makara da rabi. Fiffike ɗaya sun riga sun daddatsa shi, ga guntayensa a tare kusa da maƙera. Ɗayan yana jingine da bango, awaki suna kwance a inuwarsa. Babbansu ma ƙorafi ya tare ni da shi, ya ce ƙarfen nan taurin kai gare shi, ya cinye masu bakin zarto, kuma ba ya zuba da kyau a tukunya. Na ce ya ba ni wanda ya rage, in kawo masa tsofaffin fistin da kaskon giyar mota, irin alminiyam ɗin da suke so. Bai ko yi gardama ba. Da yamma fiffiken ya dawo filina a bayan akori-kura, jelarsa tana jan ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi suka zo: shugaba, da baƙon, da fanalbita da jakarsa ta guduma, da 'yan kasuwa masu yawa waɗanda ba wanda ya gayyace su. Tun da sassafe na sa an ɗaga fiffiken a kan durom da katako, an kai gindinsa jikin jirgin. Ramukan ƙusoshinsa suka hau kan na jikin ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana gani: inda fiffiken ya fara, nan jikin ya fara tsukewa, inda ya fi faɗi nan ƙugun ya fi shiga, inda ya ƙare nan jikin ya sake cika.

Na fito da karas da wuƙa. Dariya ta tashi tun kafin in buɗe baki. Wani daga baya ya tambaya ko miya za a yi. Ban kula shi ba. Na yi masu bayanin baro a Terminus, na yanka ƙwayoyin, na soka ganye, na fere ƙugu, kamar yadda aka yi mini. Ban iya faɗa da kyau kamar dattijon ba, na san haka, sau biyu ina komawa baya. Wasu suna kallo, wasu suna ta zolaya. Shugaba ya bari na gama, sannan ya ce shi bai zo karatun karas ba, ya ga sarƙa ta matse tankin mai fiye da haka, kuma jirgin da zai zauna a kan ginshiƙi ina ruwansa da iska. Ya juya ga fanalbita ya ce ya fara.

Na tsaya tsakaninsa da jirgin. Na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, filina ne, kayana ne. Ya duba, na yarda. Amma guduma ba za ta taɓa shi ba."

Fanalbitan nan tsoho ne mai ƙarancin magana, rabin motocin haya na garin nan sun bi ta hannunsa. Ya ajiye jakarsa, ya nemi kwali. Aka yago masa na katon. Ya manna shi a ƙugun ta hagu, ya zana, ya yanke da reza har bakin kwalin ya kwanta a jikin jirgin ba ko tazarar farce. Sannan ya zagaya dama, ya juya kwalin, ya manna. Ya zauna daram. Ya matsa gaba taku ɗaya ya sake yanka wani, ya zagaya, shi ma haka. Daga nan ya tuɓe hularsa ya kutsa kai ta ramin da inji yake a da, muna jin motsinsa a ciki yana shafa haƙarƙarin jirgin. Da ya fito, gwiwoyinsa duk ƙura, ya ɗauki jakarsa ya rataya.

"Shugaba, shekarata nawa ina miƙe abin da ya bugu. Sarƙa ba ta matsa dama da hagu daidai wa daida. Haƙarƙarin ciki ma a haka aka yanko su. In na sa jak a nan, ni ne zan lotsa shi."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Baƙon ya ce duk ya ji, ya ma yarda, amma shi ba injiniyoyi ne za su zo wurinsa ba, iyaye ne da yara, kuma duk wanda ya gani zai ce bugagge ne. In ba za a buga ba, a lulluɓe ƙugun da falangen ƙarfe a shafe da fenti ya zama santal. Shugaba ya ce wannan shawara ce mai kyau, kowa ya samu abin da yake so. Idanu suka dawo kaina.

Na ce ba zan sayar ba. Wasu mutane da ban sani ba, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, sun sha wahala kafin su gano cewa sai an rage ciki jirgi yake wucewa. Ba ni zan lulluɓe aikinsu da falange don kada a yi wa wani dariya a ƙofar lambu ba. In baƙon yana so, ya ɗauka da ƙugunsa da fiffikensa ɗaya, ya kafa allo ya rubuta dalili. Ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne kuwa?" Na ce, "Oga, shi ya sa." Ya shiga motarsa ya tafi.

Shugaba bai yafe mini a ranar ba. Na kunyata shi a gaban baƙonsa, wannan gaskiya ne, kuma washegari na je har gida na ba shi haƙuri a kan yadda abin ya faru a bainar jama'a. Ya tambaye ni ko na janye maganata. Na ce haƙuri na zo bayarwa, ban zo janyewa ba. A taron ƙungiya na gaba aka naɗa wani mai duba kaya, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Ban je na roƙa ba, ban kuma aika kowa ya roƙa mini ba.

Wata biyu ba wanda ya kira ni raba gardama. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na saba in ji yaran kasuwa da manyansu suna cewa a jira Alhaji ya zo ya gani. Sai wata Talata ina zaune ina warware tarin waya, ga fanalbitan nan ya shigo da mutum biyu suna jan wani shasi a kan baro, kowa yana huci. Ɗaya ya ce a haka kamfani ya yi shi, ɗaya ya ce hatsari ne. Na ce masu ai ƙungiya tana da mai dubawa yanzu. Fanalbita ya ce ya sani, su ne suka ce nan za su zo. Na tashi na duba. Wannan kam ya bugu, na nuna masu inda ƙarfen ya yi tamoji ta ciki, suka tafi.

Har yau ba a mayar da ni a ƙungiyance ba, kuma ban tambaya ba. Masu gardama suna zuwa, wasu ta gaba, wasu ta bayan fili don kada shugaba ya gani. Jirgin yana nan a kan tayoyinsa da fiffike ɗaya, na sa an yi masa ƙafafun ƙarfe ya daina dogara da durom. A inuwar fiffiken nake ajiye bencina. Dattijon gona ya zo sayen bututu bayan damina, ya zagaya shi, ya ce na ɗaura fiffiken ya ɗan sunkuya, in ɗaga shi kamar yatsa biyu. Na ɗaga.